Ar-Risala Da Finafinan Zamani: Ina Masu Kallo Suka Dosa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk inda ma'abota silima suka taru ana hirar finafinan tarihin Musulunci, da wuya a watse ba a ambaci Ar-Risala ba. Wannan fim ya fito a shekarar 1976, amma har yau shi ne mudun da jama'a ke auna kowane sabon fim da shi. To, ya kamata mai karatu ya san asalinsa, sa'an nan ya ji inda ra'ayoyi suka rabu.

Wanda ya shirya shi sunansa Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Siriya, wanda ya koyi sana'ar a Amurka. Ya fara ɗaukar fim ɗin a Maroko, da aka matsa masa lamba ya koma Libiya ya ƙarasa. Sau biyu ya ɗauke shi, da Larabci da kuma Turanci, kowanne da 'yan wasansa. A na Turanci Anthony Quinn ne ya fito a matsayin Sayyidina Hamza, a na Larabci kuwa Abdullahi Gaith, mutumin Masar. Babban sharaɗin da Akkad ya kiyaye shi ne, ba a nuna Annabi (SAW) ba, ba a ji muryarsa ba, haka ma matansa da Halifofi huɗu. Ko Sayyidina Ali, takobinsa Zulfiƙari kaɗai ake gani.

Duk da wannan taka-tsantsan, fim ɗin bai tsira daga tuhuma ba. Ƙungiyar Rabiɗa ta Makka ta yi adawa da shi, ƙasashen Larabawa da dama kuma suka hana nuna shi. A watan Maris na 1977 wasu 'yan bindiga suka yi garkuwa da mutane fiye da ɗari a birnin Washington, cikin buƙatunsu har da a daina haska shi. Saudiyya ba ta yarda a nuna shi a gidajen silimarta ba sai a 2018, watau shekara 13 bayan rasuwar Akkad, wanda harin bam na wani otal a birnin Amman ya yi ajalinsa a 2005.

Masu kallo na kashin farko, yawancinsu dattawan da suka fara ganinsa a kaset ɗin bidiyo, suna ganin ba a sake yin kamarsa ba. Hujjarsu ita ce ladabi. Idan sahabi ya fuskanci na'urar ɗaukar hoto ya yi magana, sa'an nan ya yi shiru yana sauraro, mai kallo ya san wa ake nufi, kwarjinin kuma yana nan a zuciyarsa bai ragu ba. Su ne kuma ke yabon fim ɗinsa na Umar Mukhtar, malamin nan da ya yaƙi Turawan Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931. Zafin gaskiyar wannan fim ya sa aka hana nuna shi a Italiya shekaru masu yawa.

Kashi na biyu, galibinsu matasa, sun fi karkata ga sababbin ayyuka. Suna kafa misali da wasan Umar mai dogon zango, wanda tashar MBC da talabijin ta Katar suka nuna a azumin 2012, Hatim Ali ya ba da umarni. A ganinsu, fim na awa uku ba zai iya ɗaukar tarihin shekara 23 ba, shi ya sa Ar-Risala ya ɗora nauyin labari a kan Hamza da Bilal da Zaidu, tunda an ɓoye manyan sahabbai. Wasan Umar kuwa ya bi al'amura daki-daki, har yaƙin Yarmuk da na Ƙadisiyya. Sai dai abin da Akkad ya guda shi wannan wasa ya aikata, domin ya nuna fuskokin Halifofi huɗu. Malaman Azhar da Babban Muftin Saudiyya suka yi tir da shi, alhali Shehu Yusuf Ƙardawi yana cikin waɗanda suka duba labarinsa.

Haka aka sake yi a 2015, sa'ad da Majid Majidi na Iran ya fitar da fim a kan ƙuruciyar Annabi (SAW). Masu sha'awar kyan hoto sun yaba, masu kallon finafinan Indiya kuma sun san wanda ya yi masa kiɗa, watau A. R. Rahman. Amma da yake an nuna siffar yaro ta baya, da hannu da ƙafa, ko da ba a nuna fuska ba, malaman Azhar suka ƙi amincewa, wata ƙungiya kuma a Mumbai ta fitar da fatawa a kan Majidi da Rahman. A 2022 zanga-zanga ta sa kamfanin Cineworld ya janye The Lady of Heaven daga gidajensa a Ingila, saboda zargin cin mutuncin sahabbai, a 2025 kuma Iraƙi ta hana nuna wasan Mu'awiya don gudun rikicin mazhaba.

Akwai kashi na uku da ba su yarda da tsohon ba balle sabon. Suna tunatar da mu cewa Hamza da Bilal su ma sahabbai ne, Ar-Risala kuwa ya nuna su. Maganarsu tana da nauyi, domin mutane da yawa yau in an ambaci Sayyidina Hamza, fuskar Anthony Quinn ce ke faɗo musu a rai, mutumin da ya fito a finafinai iri-iri waɗanda ba su dace da darajar Shugaban Shahidai ba.

To, jama'a, a nan ne hatsarin yake. Abin da ido ya gani ya fi abin da kunne ya ji zama a zuciya, musamman ga yara. Mai shirya fim dole ya cike gurbin da littattafan sira suka bari da zance na ƙirƙira, ya ƙara nan ya rage can don labari ya yi armashi, mai kallo kuwa ba ya iya rarrabe ingantacciyar ruwaya da ƙarin marubuci. Saboda haka uban da ya zaunar da 'ya'yansa gaban irin waɗannan finafinai, tsoho ne ko sabo, ya kamata ya san wanda ya shirya shi da aƙidar da ke bayansa, ya kuma koma da su ga Sirar Ibn Hisham ko ga malamin unguwa a tantance musu. Masu gardama kuma su yi ta da ilmi da ladabi, tunda malamai ma sun saɓa a wasu sassan mas'alar.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, amin.