Dabarun Tsara Allon Sarrafa Gida

A hutun da ya wuce na zauna gidan kawuna a Ibadan. Shi mutum ne mai son kayan zamani, ya haɗa fitilu da fankoki da injin tura ruwa da batiran inbata da wata 'yar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, sannan ya liƙa kwamfutar hannu a bangon falo domin a riƙa sarrafa su daga wuri guda. Wannan abin da ke bango shi nake kira allon sarrafa gida. Manhajar da ke tafiyar da shi sunanta Home Assistant, wadda wani ɗan ƙasar Holan, Paulus Schoutsen, ya fara a shekarar 2013, kuma kyauta ake samunta.

Wani dare aka ɗauke wuta, inbata ta karɓa ba tare da kowa ya sani ba. Ni kuwa na kama guga. Kafin asuba batir ya ƙare, firji ya mutu, alhali a cikinsa ake ajiye allurar ciwon sukari ta kakata, wadda ake so ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Allah ya sa an dawo da wuta da sassafe. Abin haushi shi ne, bayanin batirin yana kan allon, amma ya ɓace a cikin tarin makunnai da zane-zane. Daga nan muka zauna muka sake tsari.

Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce ragewa. Mai karatu zai yi mamakin wahalar wannan, domin wanda ya sayi na'ura da kuɗinsa yana so ya gan ta a gaba. Shafin farko mun bar masa tambayoyi uku kacal: wace wuta ake amfani da ita, nawa ya rage a batir, kuma ina ruwan tanki ya kai? Sauran kaya muka mayar da su shafukan baya, ɗaki-ɗaki. Domin sanin ko akwai wutar gari, mun saka wani ƙaramin soket mai haɗi a layin da bai bi ta inbata ba. Da zarar ya yi shiru, manhajar ta gane an ɗauke wuta, sai kan allon ya koma ja. Wanda ke wucewa da kwano a hannu ma zai gani.

Har ila yau, manhajar tana ba da damar ɓoye kati har sai wani sharaɗi ya cika. Alal misali, gargaɗin “kada a yi guga” ba ya fitowa sai batir ya yi ƙasa, makunnin kashe injin ruwa kuma sai injin yana aiki. A ganina, gargaɗin da ke nan kullum ido yakan saba da shi har ya daina ganinsa.

A matsayina na mai koyon harshe, batun suna ne ya fi jan hankalina. Kowace na'ura takan zo da suna na lambobi da haruffa, amma ana iya canza shi. Mun rubuta sunayen da Yarbanci saboda kakata, muka ƙara hoton kwan fitila ko na fanka. Bahaushe ma zai iya rubuta “fitilar zaure” ko “fankar ɗakin Inna”, ba abin da zai hana.

Kwamfutar bango kuwa, barinta a caji dare da rana kan kumbura batirinta, don haka soket ɗinta yana kunnuwa a kashi 20 cikin ɗari, ya mutu a 80.

Sai kuma a lura da inda allon yake samun umarni. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya rufe manyan kwamfutocinsa ba sanarwa, manhajar wayarsa ta daina aiki a hannun masu ita, sai a watan Yuni wasu daga cikinsu suka saye kamfanin suka farfaɗo da shi. Namu allon a cikin gida yake aiki, ko data ta ƙare fitila za ta kunnu. Duk da haka kawu bai cire tsofaffin makunnan bango ba, kuma har yau da su kakata take kashe fitilarta.