Yaranmu da tsabtar ruwan dam, rafi da kududdufi: aiki daga gida yake farawa



 Darasinmu na yau a kan ruwa ne, musamman ruwan da yaranmu suke shiga: dam ɗin Kankiya da na Kusada, da rafuka, da kududdufan bayan gari da aka haƙa aka yi tubali, tun daga Rimaye da Kafin Soli har Mawashi da Yashe. A nan ake wanka da wanki, a nan dabbobi suke sha, wasu gidajen ma nan suke ɗiba idan rijiya ta ja baya.

Abin da nake so mu riƙe shi ne: dattin da ke cikin ruwan nan, mafi yawansa daga gidajenmu ya fito. Ruwan sama na farko yana wanke tsakar gida da kwata da juji da bayan gari, ya gangara da komai inda ƙasa ta yi kwari. Su wa ake aika zubar da shara? Yara. Su wa suka fi shiga ruwan? Yara. To ashe gyaran ma da hannunsu zai fi sauri.

*Abin da addini ya koyar*

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Abu Dawud kuma ya ruwaito gargaɗi a kan yin bayan gida a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwar da mutane ke zama, domin abu ne mai jawo tsinuwa. Wannan hukunci ya hau kan kududdufi da dam kai tsaye.

Sai dai a lura da wani abu. A Ahalari da Ishmawi an koya mana cewa ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin a yi tsarki da shi. Wannan hukuncin ibada ne. Ruwa yana iya zama garau, alwala ta inganta da shi, amma yana ɗauke da cutar da ido ba ya gani. Kada a haɗa biyun.

*Yadda tsargiya take yawo*

Tsargiya, wato fitsarin jini, tsutsa ce ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano ta a Alƙahira a 1851. Yaron da ke ɗauke da ita idan ya yi fitsari a cikin ruwa, ƙwayayen tsutsar suna fita tare da fitsarin, su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa. Bayan 'yan makonni sai su fito da yawa suna iyo. Duk wanda ya shiga, ta fata suke huda shi, ba sai ya sha ba. Daga nan su zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara.

Kun ga ke nan fitsarin yaro ɗaya yana iya kwantar da yaran unguwa. Idan kuwa fitsari bai shiga ruwa ba, katantanwar ba ta da abin da za ta raba wa mutane.

Har yanzu akwai masu cewa jini a ƙarshen fitsarin yaro alamar balaga ce. Wallahi ba haka ba ne, ciwo ne. Yana shanye jinin yaro, ya hana shi girma da fahimtar karatu, idan ya daɗe ya taɓa mafitsara da ƙoda. 'Yan mata ma suna kamuwa, har ya shafi mahaifa. Ni mai ba da maganin itatuwa ne, amma ina gaya maku gaskiya: a kai yaro asibiti a auna fitsarin, a ba shi ƙwayar firazikwantel, wadda ake rabawa kyauta a makarantu lokaci-lokaci. Idan masu rabon sun zo, kada a hana yaro, a dai tabbatar ya ci abinci kafin ya sha. Amma maganin ba ya hana sake kamuwa idan ya koma ruwan da ya gurɓata.

Haka kwalara take, ita kuma ta hanyar kashi. A 2021 mutum fiye da 100,000 aka yi zargin sun kamu a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jiharmu ta Katsina tana cikin waɗanda abin ya taɓa ƙwarai.

*Ayyuka bakwai da za a ɗora wa yara*

1. Fitsari da kashi a masai kawai. Yaro ya kewaya a gida kafin ya tafi wanka ko kiwo ko ɗibar ruwa. A sa babban cikinsu ya riƙa tuna wa ƙannensa. Almajirai ma malamansu su tanadar masu wuri.

2. Fo ɗin jariri a juye shi a masai, ba a kwata ba. Mutane suna raina kashin jariri, alhali shi ma yana ɗauke da cuta. Famfas kuma a ƙulle a binne a rami nesa da rijiya, kada a jefa a juji kare da ruwan sama su watsa shi.

3. Buhun leda. A rataya tsohon buhu a tsakar gida, a ba yaro ɗaya amanarsa: ledar fiyawata, ledar cefane, robar lemo, duk a ciki. Leda ita ke toshe magudana, ruwa ya kwanta sauro ya haihu. Ku tambayi mahauta irin ledar da suke cirowa daga tumbin akuya. Robobi da gwangwani kuwa 'yan jari-bola suna saye, kuɗin a bar wa yaron.

4. Shara kashi biyu. Toka da ɓawo da kashin awaki da na kaji a tara gefe guda, su zama takin gona. Abin da ba ya ruɓewa ya tafi buhu. Kuma a hana al'adar nan ta fitar da shara ana tsakiyar ruwan sama don ya tafi da ita. Ba ɓacewa take ba, tana can tana jiran yaranku a dam.

5. Wanki nesa da gaɓa. A ɗebo ruwa a bokiti, a ja baya sosai, ruwan sabulu ya nutse a ƙasa. Wannan ya rage wa 'yan mata daɗewa tsaye a cikin ruwa.

6. Abin da yaro ba zai taɓa ba, sai dai ya faɗa: robar maganin feshi, tsohon batir, baƙin mai, mushe. Idan ya gani a bakin ruwa ya sanar da babba. Mu manya kuma mu daina wanke injin feshi a rafi, mu daina mayar da robar maganin ciyawa ta zama buta ko gorar ruwa.

7. Shuka. Kowane yaro a ba shi bedi ko zogale ɗaya ya raina, ya riƙa ba shi ruwan alwala da na ɗauraye kwano. Saiwa tana riƙe ƙasa, zaizaya ta ragu, yashi ya daina cike mana ruwa.

*Idan dole sai ruwan dam*

Na sha a tafasa shi sosai. Garin ƙwallon zogale ko alif suna kwantar da laka ruwa ya yi haske, amma ba sa kashe duk ƙwayoyin cuta, sai an haɗa da tafasawa. Na wanka kuma a ɗebo a ajiye a rufe kwana biyu, tsutsar tsargiya ba ta kai haka da rai idan ba ta sami jikin mutum ba.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfinmu. Masu shekaruna sun san kurkunu, yadda yake kwantar da magidanci a tsakiyar damina gona ta lalace. A 1988 an ƙirga masu shi fiye da 650,000 a ƙasar nan. Da tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon sa ƙafa a kududdufi, aka kore shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa babu shi a Najeriya. Ƙananan ayyuka ne na cikin gida suka yi wannan, da taimakon Allah.

Iyaye mata, ku ne malaman farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A koya wa yaro da lallashi da yabo, a nuna masa cewa kawar da ƙazanta daga hanyar mutane sadaka ce. Kuma yaro abin da ya gani yake yi: uban da ke tsugunawa a bakin rafi ba shi da bakin hana ɗansa. Limamai da malaman Islamiyya, a taimaka a sa wannan cikin nasiha kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka. A tura wa 'yan uwa domin su amfana.