Kiran Murya Ta Intanet: Ribar Da Hausa Ta Ci Da Hattarar Da Ta Kamace Mu

Wata ranar Laraba cikin shekarar 2006, lokacin ina karatun digiri na biyu, ƙanena ya turo mini rubutaccen saƙo daga ƙauye, domin kuɗin da ya rage a wayarsa ba zai isa kira ba. Abin da ya rubuta shi ne: "Jikin Malam ya tashi, likita ya zo." Na karanta, na yi wa mahaifinmu addu'a, hankalina kuma ya kwanta tunda dai likita ya riga ya zo. Sai bayan sallar Magariba da na sayi kati na kira, sannan na gane ashe ba labari ya ba ni ba, aike ne. Akwai wani ɗan baffanmu da muke kira Likita a gida, wanda a lokacin gari ɗaya muke zaune da shi, shi ne ake so in gaya wa ya zo. Allah ya taƙaita, Malam ya samu sauƙi a wannan karon, amma yini guda ya salwanta saboda kalma ɗaya mai harafi biyu.

Na kawo wannan labari ne domin shi ke fara zuwa mini a rai duk lokacin da na ga mahaifiyata ta ɗauki waya ta danna hoton 'yarta da ke aure a Makka, suka shafe rabin awa suna hira ba tare da kowa yana duban agogo ba. Ra'ayina shi ne, cikin duk hanyoyin sadarwa da zamani ya kawo mana, babu wadda ta dace da harshen Hausa da masu shi kamar kiran murya ta intanet a wayar salula. Sai dai kuma abu ne da muke amfani da shi ba tare da muna da iko a kansa ba, don haka akwai buƙatar mu yi hattara.

Bari in fara da dalilin da ya shafi fannina na kimiyyar harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, wato hawa da saukar murya da kuma jan wasali suna bambanta ma'ana. Rubutun boko da muke amfani da shi yau da kullum bai nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke da kama ɗaya a takarda, haka ma "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Abin bai tsaya ga sunaye ba, ya shiga har cikin nahawu. "Ya zo" idan aka ja wasalin aka ɗaga murya labari ne na abin da ya riga ya faru, idan kuwa aka gajarta shi aka saukar da murya ya koma umurni ko buƙata. A baki babu Bahaushen da zai rikita su, ko da yaro ne ɗan shekara 4. A rubuce kuwa, ga shi ni da nake nazarin abin na rikita. Bugu da ƙari, wayoyin farko ba su da baƙaƙenmu masu ƙugiya, irin su ɓ da ɗ da ƙ, ta yadda "ƙasa" ke komawa "kasa", "ɓata" ke komawa "bata". Ko da aka samu wayoyin da ke da su, sanya ɗaya daga ciki kan rage tsawon rubutaccen saƙo daga harafi 160 zuwa 70.

Idan mai karatu bai manta ba, tsada ce ta tilasta mana wannan rubutu. A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula a Nijeriya, inda aka sayar da kowane ɗaya a kan Dala miliyan 285, aka kuma fara aiki a watan Agusta na wannan shekara. A wancan lokaci minti ɗaya Naira 50 ne, kuma ko sakan 5 ka yi sai an cire maka kuɗin minti cif. Sai da kamfanin Glo ya shigo a 2003 da lissafin sakan-sakan sannan sauran suka bi. Wannan tsada ta haifar da ɗabi'u da dama: yin filashin, da layi a gaban masu teburin waya a ƙarƙashin laima, da kuma wata irin magana ta gaggawa wadda ba tamu ba. Kowa ya san Bahaushe ba ya faɗa wa magana kai tsaye. Sai ya tambayi kwana da gajiya da iyali da aiki da ruwa ko sanyi, kafin ya zo ga abin da ya kawo shi. Amma a waɗancan shekaru na sha jin mutum mai hankali ya katse wa babansa gaisuwa da cewa, "Baba, kati zai ƙare." Ban ga laifinsa ba, sai dai na san an yi asarar wani abu.

Masu 'yan'uwa a ƙasashen waje kuwa nasu ya fi tsanani. Kafin zuwan salula, wanda bai iya karatu ba sai ya nemi mai rubuta masa wasiƙa, can ma a nemi mai karantawa, ka ga sirrin gida ya bi ta hannun mutum biyu ke nan. Wasu kan ɗauki muryarsu a kaset su ba alhazai ko direbobin manyan motoci su kai Makka ko Kumasi ko Sudan, amsa kuma sai bayan watanni. Wannan dabara ta kaset kaɗai ta isa shaida cewa tun can murya mutanenmu suke so, ba takarda ba.

To, yaya aka yi kiran intanet ya karya wannan tsada? A kiran waya na asali, kamfani kan keɓe muku hanya daga farkon magana har ƙarshenta, ya lissafa muku kuɗi gwargwadon lokaci, idan kuma kiran ya ƙetara iyaka sai kamfanonin can su ɗora nasu kuɗin. A kiran intanet kuwa, wayarka ce ke mayar da muryarka lambobi, ta matse su, ta yayyanka su ƙunshi-ƙunshi, ta tura su cikin hanyar da saƙonni da hotuna ke bi, a can kuma wayar abokin maganarka ta harhaɗa su ta mayar da su murya. Abin da kake biya kuɗin data ne kawai, kuma data ba ruwanta da ko Zariya ka kira ko Landan. Manhajar Skype, wadda ta fito a 2003, ita ta fara yaɗa wannan hanya a duniya, amma a kan kwamfuta. Mu a nan abin bai game gari ba sai da manyan wayoyi suka yi araha, WhatsApp kuma ya kawo saƙon murya a 2013, ya biyo da kiran murya a 2015.

Akwai kuma wata riba ta fuskar sauti. Layin waya na asali yana ɗaukar sautin da girgizarsa ke tsakanin 300 da 3,400 a sakan ɗaya ne kawai, yana zubar da saura. Tunda ƙarfin sautin "s" yana sama da wannan iyaka, "sata" da "fata" kan so su yi kama a kunne. Manhajojin kira na yanzu, idan sabis yana da kyau, suna ɗaukar fiye da haka nesa ba kusa ba, shi ya sa za ka ji muryar mutum kamar kuna ɗaki ɗaya.

Sai dai ba a rasa matsala ba. Ƙunshin murya kan makara a hanya, wani ma ya ɓace. Ƙungiyar sadarwa ta duniya ta ba da shawarar kada jinkirin isar murya ya wuce kashi 15 cikin 100 na sakan ɗaya idan ana son hira ta tafi daidai. Wani nazari da aka wallafa a 2009 kan harsuna 10 ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a hirar mutane ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba. Gaisuwar Hausa kuwa kamar daka take, wannan ya sauke taɓarya wancan ya ɗaga. Da zarar jinkiri ya shiga, sai ka ji "ina gajiya" ta ci karo da "lafiya lau", kowa ya yi shiru, sannan kowa ya sake farawa tare. Na taɓa jin wata dattijuwa tana ƙorafin jikanta ya koyi katse manya tunda ya tafi karatu waje, alhali yaron bai da laifi, hanya ce ta yi nisa. Ya kamata mu riƙa yi wa iyayenmu wannan bayani, mu ma mu koyi ɗan dakatawa kafin mu amsa.

Babbar damuwata ita ce abin da Bahaushe ke cewa zanen aro ba ya rufe katara. Manhajojin nan duk na kamfanonin waje ne, kuma kasuwa ce ke yanke musu hukunci. Kamfanin Microsoft ya sayi Skype a 2011 a kan Dala biliyan 8.5, amma a watan Mayun 2025 ya rufe ta, bayan shekara 20 da ɗoriya tana haɗa iyalai. Gwamnatoci ma suna da nasu ikon. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta shafe shekaru tana toshe kiran WhatsApp, haka kuma a watan Yulin 2025 hukumomin Sudan, inda Hausawa masu ɗimbin yawa ke zaune, suka sanar da dakatar da shi bisa dalilin tsaro, a daidai lokacin da yaƙi ya tarwatsa iyalai. A gida ma mun gani. A watan Satumban 2021 aka katse sadarwa baki ɗaya a Jihar Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A ranar 14 ga Maris, 2024 kuwa, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsala. Sannan a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, abin da ya tuna mana cewa arahar ma ba ta dindindin ba ce.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ma'aikata da 'yan boko, waɗanda mu ne ke saya wa iyaye wayoyi muna sanya musu data, da mu ɗauki wasu matakai. Na farko, kada mu dogara da manhaja ɗaya. A bar lambobin waya a rubuce a takarda, a kuma bar ɗan kuɗin kira na asali a layin tsofaffi saboda ranar da data za ta ƙi. Na biyu, mu gargaɗe su kada su karanta wa kowa lambobi 6 da ake turowa waya, komai daɗin muryar mai kiran, domin da su ake sace wa mutum akawun a damfari 'yan'uwansa da sunansa. Na uku, mu riƙa adana saƙonnin muryar dattawanmu a wani wuri daban da waya. Kaset ɗin da kakata ta aika Makka yana nan a akwatin gwaggona har yau, amma wayar da ta faɗa ruwa takan tafi da duk abin da ke cikinta.

Daga ƙarshe, ina jan hankalin hukumomi da wakilanmu a majalisa cewa ga mutumin da bai iya karatu da rubutu ba, kiran murya shi ne wasiƙarsa, da shi yake cinikinsa, da shi yake neman taimako idan ciwo ya taso cikin dare. Duk wanda zai yanke shawarar katse sabis ko ƙara kuɗin data, ya kamata ya sanya wannan mutum a lissafi, haka ma wajen kai sabis mai ƙarfi ƙauyukan da har yanzu sai an hau tudu ake samun layi. Mahaifinmu ya rasu kafin wannan zamani ya iso ƙauyenmu. Da a ce a 2006 ƙanena yana da abin da 'ya'yansa ke riƙe da shi yau, da sakan 10 sun ishe shi ya gaya mini da bakinsa, ni kuma da ban yi kuskuren fahimta ba.