Okunoshima: Tsibirin Zomaye da Aka Taɓa Gogewa Daga Taswira

Hausawa na cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune, amma akwai wani ɗan tsibiri a Japan da ya ƙaryata maganar. A Okunoshima mutum tsugunawa kawai zai yi ya motsa leda, sai zomaye su yanyame shi, wasu har kan cinya. Yaron da ke kiwon zomo a keji a Unguwar Mu'azu, mai yawon neman dusa da ganyen dankali, in ya ga bidiyon wurin lissafin kuɗi zai fara. A can kuwa ba mai yanka su, ba mai sayarwa, an ma hana baƙi shiga da kare ko kyanwa.

Tsibirin yana cikin tekun Seto, a yankin birnin Takehara na lardin Hiroshima. Daga tashar Tadanoumi jirgin ruwa kan kai mutum cikin kamar minti 15, kewayensa kuma kilomita 4 ne da ɗoriya. Labarin da ya fi yawo shi ne 'yan makaranta ne suka saki zomaye 8 a 1971, suka hayayyafa tun da ba mai farautarsu. Wani bidiyo da ya bazu a intanet a 2014 ya ƙara tururuwar baƙi. Gatan ma da illarsa: ranar hutu a cika su da kabeji da karas, abincin da ba ya riƙe cikin zomo, ranar da aka yi ruwa ba baƙo kuma su wuni da yunwa.

Sai dai duk wanda ya bi hanyar da ta zagaye tsibirin zai ci karo da wani ƙaton kango, tagogi ba gilashi, ciyayi sun naɗe bango. Tashar wutar lantarki ce ta masana'antar da sojojin Japan suka buɗe a 1929 don haɗa iskar guba. Kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945 an haɗa fiye da tan 6,000 a nan. Japan ta riga ta sa hannu a yarjejeniyar Geneva ta 1925 da ta hana amfani da irin wannan makami, don haka aka lulluɓe aikin, har aka cire tsibirin daga taswirori.

Babbar hajar wurin ita ce gubar mastad. Muguntarta ita ce ba ta nuna kanta nan take. Tana ratsa tufafi ta shiga fata, ta lalata ƙwayoyin halitta a ciki, sai bayan sa'o'i jiki ya yi bororo kamar ƙunar wuta, ido ya kumbura ya rufe, maƙogwaro da huhu su saluɓe. Dubban mutanen yankin ne suka yi aiki a masana'antar cikin rigunan roba masu yoyo, da yaƙi ya yi tsanani kuma aka kwaso har 'yan makaranta. Shekaru bayan haka likitocin Hiroshima suka gano cutar dajin huhu da tari mai naci sun yi musu yawa fiye da sauran jama'a. Ƙasar tsibirin ita ma ta sha guba, shi ya sa ruwan da baƙi ke sha a jirgi ake kawo shi.

Duniya ta san Hiroshima da bam ɗin da Amurka ta jefa mata ranar 6 ga Agusta 1945. Abin da ya sa nake ganin Okunoshima ya cancanci a san shi shi ne, a lardi ɗaya, yana nuna ɗaya fuskar: inda Japan ce mai cutarwa. Gidan tarihin gubar da aka buɗe a tsibirin a 1988 ɗan ƙarami ne, ɗakuna biyu, amma bai ɓoye cewa an yi amfani da gubar a ƙasar Sin ba. Da ba don zomaye ba, mutum nawa zai biya kuɗin jirgi ya je kallon tsofaffin tankuna? Su suke jawo mutane, ko da yake da yawa hoto kawai suke ɗauka su juya.

Wannan yaƙi bai yi mana nisa ba kamar yadda muke zato. Kakanninmu da aka ɗiba cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sojan Japan ɗin nan suka yaƙa a dazukan Boma, Hausa kuma ita ce harshen bariki. Barikin Dalet da ke Kawo sunan wani fagen daga ne a Boma, barikin Chindit na Zariya kuma sunan rundunar da bataliyoyin Nijeriya suka shiga a 1944. Kullum ana wucewa ta gabansu a Keke Napep, amma da wuya ka sami fasinjan da zai gaya maka daga ina sunan ya fito.

A Sin kuwa maganar ba ta zama tarihi ba tukuna. Sojojin Japan da za su gudu a 1945 sun binne makaman guba masu ɗimbin yawa, musamman a arewa maso gabas. A watan Agustan 2003 masu haƙa a wani filin gini a birnin Qiqihar suka tono gangunan mastad, mutum ɗaya ya mutu, fiye da 40 suka jikkata. Yarjejeniyar haramta makamai masu guba da ta fara aiki a 1997 ta ɗora wa Japan nauyin tonowa da lalata su da kuɗinta, aka kafa babbar cibiyar aikin a Haerbaling cikin lardin Jilin, an kuma sha ɗage wa'adin kammalawa.