Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Ina Rumbun Mutumin Birni?

A daren Lahadi, 29 ga watan Maris na shekarar 2020, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya yi wa jama'a jawabi ta rediyo da talabijin, inda ya sanar da hana fita a Legas da Ogun da Abuja har tsawon kwana 14 saboda annobar korona. A Legas da Abuja dokar ta fara aiki da ƙarfe 11 na daren Litinin, watau yini ɗaya tak magidanta suka samu don su nemo abincin mako biyu. Kasuwanni suka cika maƙil, farashi ya tashi. Mai hali ya yi lodin buhuna, wanda kuwa sai ya fita da safe yake samun kuɗin cefanen yamma ya koma gida da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A cikin watan Afrilu kuma dokar ta isa Kano.

Shekara uku bayan haka, a farkon 2023, canjin takardun Naira ya sa mutum yana da kuɗinsa a banki amma mudun masara ya gagare shi. A cikin watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare, ya shiga har Kasuwar Monday, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Masifu uku ke nan masu kama daban-daban, amma duk sun tona abu guda: yawancin gidajen birni ba su da abin da zai riƙe su mako ɗaya idan hanyar kasuwa ta toshe.

YADDA MAGABATA SUKA YI

Ƙasar Hausa ba baƙuwar yunwa ba ce, har sunaye ta raɗa wa shekarun wahala. Akwai Kakalaba ta 1914, wadda ta biyo bayan farin 1913, akwai 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942. Sannan aka yi babban fari na 1972 zuwa 1974, wanda ya halaka dabbobi masu ɗimbin yawa, ya kuma kasance cikin dalilan da sojoji suka kafa hujja da su wajen kifar da gwamnatin Diori Hamani a Jamhuriyar Nijar cikin watan Afrilu na 1974.

Irin wannan tarihi shi ya koya wa manomi darajar rumbu. A tsarin gandu, idan an gama girbi maigida yakan liƙe babban rumbu ko rufewa, ba za a taɓa ba sai damina ta faɗi, lokacin da aikin gona ya fi tsanani, hatsi kuma ya fi tsada. Da rani samari su tafi cin rani, bakunan da ke cin tuwon gidan su ragu. Gero da dawa kuwa a dami ake zuba su, ba a sussuke ba, domin zangarniya ta fi jure wa ƙwari, har takan shekara biyu ko fiye ba ta lalace ba. Wannan dabara ta yi daidai da shawarar da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya bai wa mutanen Masar, cewa a bar hatsin shekarun wadata a cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari.

To, jikan wannan manomi yau yana Sabo a Ibadan, ko Agege a Legas, ko Kurna a Kano, cikin ɗakin haya ciki da falo. Ba shi da gona, ba shi da filin gina rumbu. Rumbunsa shi ne shagon mai awo na bakin layi, ran da shagon bai buɗe ba kuwa, tukunya ba ta hau murhu ba.

RUMBUN GWAMNATI

Wasu za su ce ai gwamnati tana da rumbunanta. Gaskiya ne. Tun 1987 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ajiyar hatsi na ko-ta-kwana, tana da manyan rumbunan ƙarfe a jihohi da dama, kuma a 1999 aka kafa Hukumar Ba Da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA. A lokacin kullen 2020 an ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi, a watan Fabrairu na 2024 kuma tan 42,000.

Amma a yi lissafi. Tan 70,000 buhu 700,000 ne mai cin kilo 100. An yi nufinsa ne domin mabukata, amma da za a raba shi ga mutanen Nijeriya wajen miliyan 200, kowa ba zai sami ko rabin kilo ba. Ban da haka, tsakanin umarni da isar hatsi ƙofar gida akwai mota, akwai kwamiti, akwai jerin sunaye. A watan Oktoba na 2020 jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suka tarar da kayan tallafin korona jibge, wata da watanni bayan kullen. Agajin hukuma yana da amfaninsa, sai dai kwanakin farko na kowace masifa a wuyan maigida da uwargida suke.

ABIN DA YA KAMATA A AJIYE

Tanadi yana farawa ne da sanin abin da gida ke ci. A awon Kano, buhun hatsi yana cin kwano 40. Gidan da ke cin kwano ɗaya a yini, buhu guda zai kai shi wata ɗaya da kwana goma. Wanda ba shi da kuɗin buhu, sai ya riƙa ƙara kwano ɗaya a kan awonsa na kowane mako yana keɓewa. Cikin wata uku ya tara abincin kwana 12 ko fiye. Lokacin saye shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da sabon hatsi ke shigowa kasuwa, domin bisa al'ada farashi yakan kai ƙololuwa ne a tsakiyar damina.

Tsaba ta fi gari daɗewa, saboda haka a ajiye gero da dawa da masara ba a niƙa ba. A haɗa da wake da shinkafa, da busassun kayan miya waɗanda matan Hausawa suka daɗe da ƙwarewa a kansu: kuka, kuɓewa, kauɗar tumatir, barkono, daddawa, gishiri, kanwa da man gyaɗa. Lalle ne kuma a sami abin da ake ci ba sai an hura wuta ba, kamar garin kwaki da ƙuliƙuli da dabino, gama ran da ruwa ya ci murhu, buhun shinkafa ba ya maganin kukan yaro.

Ruwa ya fi abinci gaggawa. Ƙungiyoyin agaji na duniya suna ƙiyasta lita 15 ga kowane mutum a yini, domin sha da girki da tsabta. Gida mai mutum 6 ke nan yana bukatar lita 90, kusan jarka huɗu masu cin lita 25. Bayan ambaliya rijiyoyi kan gurɓata, amai da gudawa su biyo baya, don haka a tafasa ruwan sha, a kuma san haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Sauran kayan su ne ashana, gawayi, tocila, rediyo mai batir, sabulu, maganin mai hawan jini ko ciwon sukari, 'yan kuɗi a hannu, da takardun gida da na makaranta a ƙulle cikin leda. Man fetur kam ba abin ajiyewa a ɗaki ba ne, musamman da hunturu, lokacin da gobara ta fi yawa.

ƘWARI DA GUBA

Babban abokin gabar mai ajiya shi ne danshi da ƙwari. Hatsin da bai bushe sosai ba yakan yi fumfuna, ita kuwa fumfunar masara da gyaɗa tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta. A shanya shi sosai, a ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. A unguwar da ruwa ya saba shiga, a ɗaga shi sama gwargwadon iko.

Wake shi ya fi saurin cin ƙwari, wannan ne ya sa wasu ke zuba masa maganin feshi. Haɗarin abin bai tsaya a gida ba: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa. Alhali kuwa ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Jarka mai tsabta, busasshiya, wadda ba a taɓa zuba mata mai ko magani ba, idan aka cika ta da wake har baki aka toshe murfin, ta wadatar. Akwai kuma buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a 2007. Tsofaffi kuma sun san cakuɗa wake da toka ko yashi mai laushi. Kowace hanya aka bi, a riƙa cin tsoho ana mayar da sabo.

TANADI DABAN, ƁOYE KAYA DABAN

A watan Fabrairu na 2024, sa'ad da tsada ta yi tsanani, hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a yankin kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci. Wannan ya sa wasu suka fara ɗari-ɗari da maganar ajiya. Malamai dai sun bambanta abubuwan biyu. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Abin da shari'a ta hana shi ne a kwashe abinci daga kasuwa lokacin da jama'a ke cikin ƙunci, a ɓoye har sai ya yi tsada.

Magidancin da ya sayi buhu ɗaya da kaka bai ƙuntata wa kowa ba. Hasali ma ran da aka shiga rububi ya rage mutum guda a layin mai awo, ya kuma sami kwanon da zai miƙa wa maƙwabcin da bai samu ya tanada ba. A unguwanni da yawa mata suna yin adashi domin biki da suna. Ba abin da zai hana a yi irinsa domin hatsi, gida goma su haɗa kuɗi su sayo daga kasuwar ƙauye a kan farashin sari. Kwanar ɗaki guda, da katako biyu, da jarka mai murfin kirki sun isa su zama rumbun mutumin birni, muddin an cika su tun kasuwa tana ci.