Shin Ko Kun San? Tafiyar Loma Daga Baki Zuwa Hanji

Shin ko kun san cewa narkar da abinci tun a baki yake farawa? Bakin baligi yana tsatso yawu kimanin lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowace rana, kuma yawun nan ba ruwa ba ne zalla. A cikinsa akwai sinadarin amilas, wanda ke farfasa sitaci ya mai da shi sukari. Ku ɗebi dafaffiyar shinkafa ba miya, ku yi ta taunawa kada ku haɗiye, za ku ji wani zaƙi-zaƙi ya fara ɓullowa a harshe. Masu haɗiyar tuwo ba tauna kada hankalinsu ya tashi, akwai wani amilas ɗin yana jiran lomar a can hanji. Amma nama da gyaɗa da aya sai da haƙori, domin abin da haƙori bai niƙa ba, ciki ne zai sha wahalarsa.

A maƙogwaro hanya biyu ce, ta iska da ta abinci, kuma bakinsu ɗaya. Duk lokacin da muka haɗiye, wani ɗan murfi yakan kwanta ya rufe hanyar iska, numfashi ya tsaya cak na ɗan lokaci. Idan mutum ya haɗa ci da surutu ko dariya, murfin bai gama rufewa ba ƙwayar shinkafa ta bi ta inda bai kamata ba, shi ne a ce ya ƙware. Iyaye da ke hana yara magana a kan akushi suna da gaskiyarsu.

Shin ko kun san cewa loma ba faɗawa ciki take yi ba, tura ta ake yi? Bututun da ya haɗa maƙogwaro da tumbi tsawonsa kamar santimita 25 ne, kuma tsokarsa tana matsewa daga sama tana saki daga ƙasa har ta kai lomar masauki cikin ƙasa da sakan goma. Shi ya sa 'yan sama jannati ke cin abinci lafiya lau a inda kaya ke shawagi ba sa faɗowa ƙasa. A 1962 Ba'amurke John Glenn ya tsotsi markaɗaɗɗen tufa daga bututu yana zagaya duniya a cikin kumbo, ya kuma haɗiye ba tare da matsala ba.

Tumbi kuwa ma'ajin asid ne, asid mai ƙarfin da zai iya cin ƙarfe a hankali. Aikinsa ya kashe yawancin ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci, ya kuma tayar da sinadarin fefsin mai narkar da nama da ƙwai da wake. To me ya hana tumbin, wanda shi ma nama ne, ya narkar da kansa? Wani ruwa mai yauƙi da kauri ne ya lulluɓe bangonsa, sannan fatar bangon tana sabuntawa duk bayan 'yan kwanaki. Bututun abinci ba shi da wannan kariya, don haka idan ƙofar da ke tsakaninsu ta saki, asid ya yi sama, sai mutum ya ji ƙirjinsa na zafi. Ƙwannafi ke nan. Cika ciki a kwanta nan take yana kawo shi.

Yadda likitoci suka fara ganin aikin tumbi da idonsu ma abin mamaki ne. A watan Yunin 1822, a tsibirin Mackinac na Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta sami wani matashi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin a gefen ciki. Likitan soja William Beaumont ya yi jinyarsa, ba wanda ya zaci zai kai labari. Ya rayu, amma raunin ya warke ya bar rami daga fata har cikin tumbi. Beaumont ya riƙa ɗaure gutsuren nama ko kabeji da zaren siliki, ya zura ta ramin, bayan awa ɗaya ko biyu ya jawo ya duba yadda ya narke. Ya kuma lura cewa idan ran St. Martin ya ɓaci, aikin tumbin yakan sauya. A 1833 ya wallafa abin da ya gano. Beaumont ya mutu a 1853, shi kuwa mai ramin sai a 1880, bayan ya yi aure ya haifi 'ya'ya.

Yanzu ga wanda na fi so ku riƙe. Shin ko kun san cewa yunwa da barkono da yawan tunani ba su ne tushen gyambon ciki ba? Suna iya tayar da zafinsa, amma ba su ke haƙa shi ba. Shekara da shekaru likitocin duniya suna cewa babu ƙwayar da za ta iya zama a cikin asid ɗin tumbi. Sai wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano wata lanƙwasasshiyar bakteriya a tumbin masu gyambo, suka raya ta a ɗakin gwaji a 1982. Ita ce ake kira Helicobacter pylori. Dabararta ita ce ta nutse cikin yauƙin nan, ta fitar da sinadarin da ke kashe kaifin asid a kewayenta. Da abokan aiki suka ƙi gaskata su, a 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ya raya ƙwayar a ciki ya shanye. Cikin kwanaki ya kama amai, aka leƙa tumbinsa aka tarar ya kumbura. A 2005 aka ba su biyun kyautar Nobel.

Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya, galibi tun suna yara, kuma yawancinsu ba ta taɓa damunsu. Abu na biyu da ke haƙa gyambo shi ne magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, domin suna raunana kariyar bangon tumbi. Abin yana ci mini rai idan na ga mai fama da olsa ya tsaya gaban mai tallan magani a tasha ya sayi haɗin ciwon jiki, alhali a cikin haɗin akwai abin da ke ƙara masa raunin. Madara ma da ake ɗura wa mai gyambo sauƙin ɗan lokaci take bayarwa, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo asid. Ana gano ƙwayar Helicobacter ɗin ta gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kwana goma zuwa mako biyu a hannun likita. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin yana danƙo, ko ya yi aman jini, wannan ba na jira ba ne.

Bayan awa biyu zuwa huɗu, abinci ya zama kunu-kunu, sai tumbi ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya ga wata 'yar koriyar jaka manne da hanta, wadda mai fiɗa ke yankewa da lallami don kada ta fashe ta sa naman ya yi ɗaci. Matsarmama ce, mu ma muna da ita. Hanta ce ke haɗa ruwan nan mai ɗaci, jakar ajiya kawai take yi, sai an ci abu mai maiƙo ta matse shi cikin hanji ya tarwatsa kitsen. Shi ya sa wanda aka cire wa matsarmama ke ci gaba da rayuwarsa. Ruwan kuma yana ɗauke da ragowar jajayen ƙwayoyin jinin da suka tsufa, waɗanda kowannensu kwana 120 yake yi, kuma wannan ragowar ce ke ba bayan gida launinsa na ƙasa-ƙasa. Idan hanyar ta toshe, launin ya koma cikin jini: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari. Ɗaya daga cikin hanyoyin da shawara ke bayyana ke nan.

Hanta ita ce mafi girma a kayan ciki, nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi, kuma idan aka yanke fiye da rabinta tana iya tofowa ta cike gurbin.

A bayan tumbi akwai wata doguwar tsoka da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke fitar da insulin, ita kuma ke zubo ruwa mai ɗauke da sinadari dangin wanda ke cikin kanwa, domin ya kashe asid ɗin da ya biyo abinci kafin ya ƙona hanji.

Shin ko kun san cewa ƙaramin hanji ya fi babban tsawo nesa ba kusa ba? Ƙaramin yakan kai mita shida, babban mita ɗaya da rabi ne kawai, kauri ne ya ba shi sunan. A ƙaramin ne ake tsotse kusan duk amfanin abinci zuwa jini. Bangonsa a nannaɗe yake, cike da miliyoyin 'yan tsiro masu kama da gashi. Da an ce idan aka shimfiɗa shi zai rufe filin wasan tanis, amma awon da masana a Suwidin suka sake yi a 2014 ya nuna murabba'in mita 30 ne ko sama kaɗan, wato kamar daɓen ɗaki biyu. Ko hakan ma ba ƙarami ba ne a cikin mutum guda.

A nan ne kuma ake rabuwa a kan madara. Kowane jariri yana da sinadarin da ke narkar da sukarin nono, amma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya sinadarin yana ja baya bayan yaye. Sai mutum ya sha ɗanyar madara cikinsa ya kumbura, ya yi ta ƙugi. Al'ummomin da suka gaji kiwo, irin su Fulani da mutanen arewacin Turai, da yawansu sun riƙe sinadarin har tsufa. Kindirmo da nono mai tsami sun fi zama lafiya a cikin kowa, domin bakteriyar da ta tsamar da su ta riga ta cinye wani kaso na sukarin.

Babban hanji gari ne guda. Lissafin da aka yi a 2016 ya ce bakteriyar da ke jikin mutum ta kai tiriliyan 38, mafi yawanta a nan take zaune, kuma nauyinta duka bai wuce giram 200 ba. Ita ke cin abin da muka kasa narkarwa, tana samar mana da wani kaso na bitamin K. Wake yana da wani nau'in sukari da hanjinmu ba ya iya farfasawa, sai ya isa gare ta, ta yi ta shagali tana fitar da iska. Tusar bayan cin ɗanwake ko alala alama ce ta cewa tana kan aikinta. Dusar gero da dawa, da kuka da zogale da rama, su ne abincinta, su ne kuma ke riƙe ruwa su tausasa bayan gida. Wanda ya koma farar fulawa da lemon kwalba zalla, bushewar ciki da basir na nan tafe.

Hanji yana da jijiyoyin saƙo nasa na kansa, sama da miliyan 100, yana iya tafiyar da aikinsa ba tare da ya jira umarnin ƙwaƙwalwa ba, amma kullum suna aika wa juna saƙo. Shi ya sa ɗalibi ke neman banɗaki ana gab da shiga jarrabawa. Ƙugin ciki lokacin yunwa kuwa shara ce hanji ke yi, duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu idan babu abinci, yana kore ragowar da ta maƙale.

Shin ko kun san cewa ruwan da ke bi ta hanjinku a rana ya kai lita tara? Biyu ne kawai daga abin da kuka ci kuka sha, sauran bakwai jiki ne ya zubo: yawu, ruwan tumbi, ruwan hanta da sauransu. Hanji yana tsotse kusan duka ya mayar cikin jini, abin da ke fita da bayan gida bai cika kofin shayi ba. Kwalara tana juya wannan tsari, ta sa hanji ya riƙa zubar da ruwa maimakon ya tsotsa, har babban mutum ya bushe cikin awoyi. Ƙaramin yaro kuwa gudawa ta yau da kullum ma ta ishe shi.

A 1960 wani masani Ba'amurke, Robert Crane, ya bayyana cewa a bangon hanji gishiri da sukari tare suke shiga ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma yana bin su. Wannan ƙofa tana ci gaba da aiki ko da kwalara ta kama mutum. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira da ke Bangaon a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a ganguna, dangin marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Wannan shi ne ruwan gishiri da sukari da ake sayarwa a 'yar leda a kemis, kuma na ledar ya fi, domin awonsa daidai ne. Idan babu, a sami tsaftataccen ruwa lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, kada a ƙara ko kaɗan, domin gishiri idan ya yi yawa illa ne. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, kada a daina shayar da shi nono, a haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Idan ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko aka ga jini a bayan gidansa, a garzaya da shi asibiti ana ci gaba da ba shi ruwan a hanya.