Yadda Za A Kai Kyanwa Asibitin Dabbobi

Manoman Dawakin Tofa sun san amfanin kyanwa wajen tsare rumbu daga ɓarnar ɓera. To amma ita ma tana kamuwa da ciwon haukan kare, har ta sa wa yara. Saboda haka tana bukatar allurar rigakafi.

Sai dai kyanwa akwai tsoron baƙon wuri. Kada a cusa ta a buhu. A samo kwando mai murfi, a shimfiɗa tsumman kwanciyarta, a riƙa sa mata abinci ciki har ta saba. Ranar tafiya a lulluɓe kwandon da zane, a fita da sanyin safiya. Kada a buɗe sai an shiga wurin malamin dabbobi an rufe ƙofa.

In ta yakushi mutum ko ta cije shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, a garzaya asibiti.